Keɓaɓɓun Kalmomin Hoton Amsa-kuwwa na Nono: Yadda Ake Binciken da Yadda Za a Faɗe Shi da Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ake duba nono da na'urar da jama'a suke kira sikanin, da kuma keɓaɓɓun kalmomin da likitoci suke rubuta sakamakon binciken da su. An bi tsarin BI-RADS na Kwalejin Likitocin Hoto ta Amurka, an fayyace ma'anar rukunonin kalmominsa, sannan aka auna kalmomin Hausa da za su iya ɗaukar wannan ma'ana. Maƙalar ta nuna cewa harshen rahoton harshe ne na siffantawa da auna zato hawa-hawa, kuma babban haɗarin fassara shi ne a murƙushe waɗannan matakai su koma biyu kacal, wato "ba komai" ko "daji ne". An ɗauki halin macen karkara daga Unguwar Tudu ta ƙasar Gwarzo a matsayin ma'aunin da za a gwada ingancin kowace kalma da shi.

1.0 Gabatarwa

Unguwar Tudu mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Gwarzo, a yammacin Jihar Kano. Macen da ta ji kullutu a nononta a wannan yanki, idan ta yanke shawarar zuwa asibiti, tana iya farawa da ɗakin shan magani na kusa ko Babban Asibitin Gwarzo. Idan aka tura ta gaba, sai ta kama hanyar da ta ratsa ƙasar Kabo da Rimin Gado, ta wuce ta ƙofar sabon mazaunin Jami'ar Bayero, tafiyar kimanin kilomita 70, kafin ta isa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad. Abin da za ta komo gida da shi takarda ce da aka rubuta da Ingilishi. Wanda zai karanta mata ita yana iya zama ɗanta da ke sakandare, ko mai kyamis na unguwa, ko ma'aikaciyar lafiya. Kalmar da wannan mai karatu ya zaɓa ita ce za ta sa matar ta koma asibiti a kan lokaci, ko ta zauna a gida, ko ta nufi wurin mai magani.

Al'amarin ba ƙarami ba ne. Ƙididdigar GLOBOCAN ta shekarar 2022, wadda Hukumar Binciken Cutar Daji ta Duniya take fitarwa, ta nuna cewa mata kimanin miliyan 2.3 ne aka samu da sankarar nono a duniya a wannan shekara, kimanin 670,000 kuma suka rasu. A Nijeriya an ƙiyasta sababbin masu cutar fiye da 32,000, waɗanda suka rasu kuma fiye da 16,000. Galibin matan da ake gani a asibitocin ƙasar sai cutar ta kai mataki na uku ko na huɗu suke zuwa. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirinta na yaƙi da sankarar nono, wanda ɗaya daga cikin manufofinsa shi ne a kammala gano cutar cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti. A cikin waɗannan kwanaki 60 akwai kuɗin mota, akwai neman izinin maigida, akwai layin asibiti, akwai kuma fassara, wadda ita ce rabon masana harshe.

Aikin ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi ba baƙo ba ne a fagen nazarin Hausa. Littafin Hausa Metalanguage, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace aka buga a 1990, ya tanadi kalmomin nazarin harshe da adabi. A 2017 kuma wani ayarin masana ƙarƙashin jagorancin Herbert Igboanusi na Jami'ar Ibadan ya fitar da kalmomin cutar ƙanjamau da Ebola a Hausa da Ibo da Yarabanci, inda aka ba ƙwayar cutar suna karya-garkuwa. Wannan maƙala ta bi sawun irin waɗannan ayyuka a wani ɗan ƙaramin fage na aikin likita.

2.0 Yadda Na'urar Take Aiki

Kunnen ɗan'adam yana jin sautin da ke kaɗawa tsakanin sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa guda. Duk sautin da ya haura wannan iyaka kunne ba ya kama shi, kuma da irinsa na'urar take aiki. A 1880 'yan'uwan nan biyu na Faransa, Jacques da Pierre Curie, suka gano cewa wasu duwatsu suna fitar da lantarki idan aka matse su, daga baya aka tabbatar cewa suna kaɗawa idan aka ba su lantarki. Irin waɗannan abubuwa ne ake jerawa a cikin kan na'urar da ake ɗorawa a jiki. Suna aika sauti cikin tsoka, su saurari abin da ya dawo, kwamfuta ta mayar da shi hoto. John Wild da John Reid ne suka fara gwada wannan dabara a kan ƙarin nono a Amurka a farkon shekarun 1950, kafin Ian Donald na Gilasgo ya buga sakamakon aikinsa a kan ciki a 1958.

Na'urar tana lissafi ne bisa ƙa'idar cewa sauti yana gudun mita 1,540 a daƙiƙa a cikin tsoka. Saboda haka, daga lokacin da sautin ya ɗauka kafin ya dawo take gane zurfin abin da ya ci karo da shi, daga ƙarfin dawowarsa kuma take sanya wa wurin haske ko duhu. Iska tana mayar da kusan dukkan sautin tun daga kan fata, shi ya sa ake shafa jel domin kada a bar iska tsakanin fata da kan na'ura.

Daga wannan bayani za a ga cewa ginshiƙin aikin shi ne dawowar sauti. Hausa tana da kalmomi biyu da suke kusa da wannan ma'ana: amsa-amo da amsa-kuwwa. Ta farko ta riga ta zama keɓaɓɓiyar kalma a nazarin waƙa, inda take nufin ƙafiya, don haka ɗora mata wani nauyi zai jawo ruɗani. Amsa-kuwwa kuwa ita ce abin da mai kiwo yake ji idan ya yi kira a gindin dutse, kuma daidai take da abin da na'urar take yi. Saboda haka ake ba da shawarar a kira binciken hoton amsa-kuwwa a rubuce. Kalmar sikanin ta riga ta zauna a bakin mata ta hanyar awon ciki, kuma babu dalilin yaƙar ta a magana ta yau da kullum. Sai dai tana da rauni guda: ta haɗe bincike iri-iri a suna ɗaya.

Wannan rauni yana da tasiri a aikace. Kan na'urar da ake duba juna biyu da shi lanƙwasasshe ne, yana kaɗawa tsakanin sau miliyan 2 zuwa miliyan 5 a daƙiƙa, domin ya kai zurfi. Na duba nono miƙaƙƙe ne, kuma ƙa'idar Kwalejin Likitocin Hoto ta Amurka ta nemi ya kai kaɗawa sau miliyan 12 ko fiye. Gwargwadon yawan kaɗawa, gwargwadon fitowar ƙananan abubuwa a hoto, amma zurfin da sautin ke kaiwa yana raguwa. Nono ba shi da zurfin ciki, abin da ake nema a cikinsa kuma yana iya zama 'yan milimitoci. Idan aka duba shi da lanƙwasasshen kai, za a iya kuskure ƙaramin ƙari, matar kuma ta tafi da tabbacin cewa an yi mata sikanin ba a ga komai ba. Ya kamata bayanin Hausa ya riƙa bambanta miƙaƙƙen kai da lanƙwasasshen kai, domin mace ta san abin da za ta tambaya.

3.0 Dabarun Duba Nono

Kafin a shiga dabarun, akwai batun sunan gaɓar kanta. Nono yana nufin gaɓar, yana nufin ruwan da take fitarwa, yana kuma nufin na shanu da ake damawa da fura. Mama ta fi sakayawa, kuma ita ce kafafen yaɗa labarai suka fi amfani da ita a "sankarar mama". A rubutun ilimi nono ya fi dacewa, saboda shi ne yake ba da kan nono da ruwan nono da hanyoyin nono ba tare da tilastawa ba. A gaban majinyaciya kuwa, musamman idan namiji ne mai binciken, mama ta fi kiyaye kunya, kuma ƙa'idar aiki ce a samu wata mace a ɗakin.

Ana kwantar da mace rigingine, a ɗan karkata ta da matashi a ƙarƙashin kafaɗar ɓangaren da za a duba, ta ɗaga hannun wannan ɓangare sama da kanta. Hikimar haka ita ce nonon ya baje a kan ƙirji, kaurinsa ya ragu. A hoton, fata ce a sama, sai kitse, sai tsokar da ke samar da ruwan nono, sai wani kitsen, sai tsokar ƙirji da haƙarƙari a can ƙasa. Akwai kuma zare-zaren da ke riƙe da nonon, waɗanda Astley Cooper ya siffanta a 1840. Kiran su jijiya ba zai wadatar ba, domin a Hausa jijiya ta ƙunshi hanyar jini da ta saƙon ƙwaƙwalwa da wadda ta ɗaure tsoka da ƙashi. Zaren riƙon nono ya fi fayyace su.

Hanyoyin ruwan nono sun taso ne daga kewaye sun haɗu a kan nono. Saboda haka mai bincike yana tafiyar da kan na'ura ta fuska biyu: ya bi tsawon hanyoyin daga kan nono zuwa gefe, sannan ya juya ya gitta su. Tsarin jinkar ɗaki ya ishi misali. Sandunan tsaiko suna gangarowa daga ƙololuwa zuwa ƙasa ta kowace fuska, tanka kuma tana zagaye su a gicciye. Fuska ta farko ita ce bin tsaiko, ta biyu bin tanka. Ba a kiran abu ƙari sai an gan shi ta fuskokin biyu, domin dunƙulen kitse yana iya yin kama da ƙari ta fuska ɗaya, ya baje idan aka juya kan na'ura.

Wurin da aka ga abu ana bayyana shi da fuskar agogo, a ɗauki kan nono a matsayin tsakiya, a ƙara da nisansa daga kan nono da santimita. A nonon dama ƙarfe 9 ne yake wajen hannu, a na hagu kuma ƙarfe 3. Ɓangaren sama na wajen hammata shi ne inda sankara ta fi fitowa. Mai fassara ya lura cewa "ƙarfe 10" kawai yana iya zama lokacin dawowa asibiti a kunnen mai sauraro, don haka a ce "mazaunin ƙarfe 10, santimita 3 daga kan nono". Daga ƙarshe ana duba hammata. Hausa tana da kalmar kaluluwa, amma tana nufin wadda ta kumbura har aka ji ta. A hoto ana ganin lafiyayyu ma, masu siffar wake da farin kitse a tsakiya. Idan aka gaya wa mace an ga kaluluwa a hammatarta ba tare da an ƙara "lafiyayya" ba, an tsorata ta a banza.

Wannan bincike shi ne na farko ga matan da ba su kai shekara 30 ba da masu juna biyu da masu shayarwa, saboda babu tururin haske mai illa irin na hoton ƙashi a cikinsa, kuma yana ratsa cunkusasshiyar tsokar nonon matasa wadda take yi wa mamogiram duhu. Yana da iyaka: ba ya nuna ƙananan ɗigon alli da mamogiram yake kamawa yadda ya kamata, ingancinsa kuma ya rataya a kan ƙwarewar hannun da ke riƙe da na'urar.

4.0 Kalmomin Siffanta Abin da Aka Gani

Tsarin BI-RADS ya fara fitowa a 1993 domin mamogiram, aka shigar da kalmomin hoton amsa-kuwwa a bugun 2003, aka sabunta su a bugun 2013. Dalilin kafa shi matsala ce ta harshe: likitoci suna siffanta abu guda da kalmomi mabambanta, wanda ya karɓi rahoton ya rasa abin da zai yi. Tsarin ya taƙaita kalmomin, ya hana mai rahoto ya ambaci sunan cuta kafin ya siffanta abin da idonsa ya gani. Aikin Thomas Stavros da abokan aikinsa na 1995, wanda ya tantance siffofin da suka bambanta ƙari mai haɗari da maras haɗari, yana daga cikin tubalan da aka gina shi a kai.

4.1 Siffa da Zama da Gefe

A bugun 2013, siffa iri uku ce: mai siffar ƙwai, da kewayayye, da maras tsari. Waɗannan ba su da wuyar fassara. Zaman ƙari kuma iri biyu ne, gwargwadon yadda tsawonsa yake dangane da fata. Wanda ya bi shimfiɗar fata, faɗinsa ya fi tsayinsa, yana kwance. Wanda ya keta shimfiɗun tsoka, tsayinsa ya fi faɗinsa, yana tsaye. Sigar nuna hali ta Hausa, a kwance da a tsaye, ta fi kalmomin asalin sauƙin fahimta. Sai dai a kiyaye: a maganar yau da kullum wanda yake kwance shi ne maras lafiya, wanda yake tsaye shi ne mai ƙarfi. A nan kwantaccen ƙari ne ya fi kwantar da hankali, tsayayye kuma shi ne abin tuhuma.

Gefe shi ne siffa mafi nauyi a wurin masu bincike. Ana iya jera kalmominsa kamar haka:

a) tsararren gefe: iyakarsa ta fito sarai ta kowane ɓangare, kamar an zana da alƙalami;
b) gefe mai dishi-dishi: ba a iya cewa ga inda ƙarin ya ƙare;
c) gefe mai kusurwa: yana da lunguna masu kaifi;
d) gefe mai gargada: yana da ƙananan tudu a jere;
e) gefe mai tsika: zare-zare suna fita daga jikinsa kamar ƙarangiya.

Na farko ne kaɗai alamar kwanciyar hankali. Sauran huɗun duk suna ƙarƙashin gefen da bai tsaru ba, kuma kowane ɗayansu ya isa ya sa a nemi ƙarin bincike.

4.2 Baƙi da Fari

A nan ne aro kai tsaye yake faɗuwa. Kalmomi biyu na rahoton, idan suka bi tsarin sautin Hausa inda harafin leɓɓa na Ingilishi yake komawa f, za su zama haifo-ekoyik da haifa-ekoyik. Ta farko tana nufin ƙarancin amsa-kuwwa, ta biyu yawansa. Ma'anoni biyu kishiyoyin juna sun rataya a kan wasali ɗaya, kuma dukkansu sun yi karo da aikatau haifa da haifo, a ɗakin da mata suka saba shiga domin awon ciki. Dole ke nan a nemi mafita daga cikin harshen.

Ana auna hasken kowane abu ne da na kitsen nono, wanda yake fitowa toka-toka. Abin da bai mayar da sauti ko kaɗan ba yana fitowa baƙi ƙirin. Wanda ya mayar da kaɗan, ƙasa da kitse, baƙi-baƙi ne. Akwai mai daidai da kitse, akwai mai haske fiye da shi, wato fari-fari, akwai gauraye, akwai kuma mai haɗa ruwa da tsoka. Amsa-kama da ninki sun ba Hausa abin da ake bukata: ƙirin tana kai launi matuƙa, ninki kuma yana rage shi, kuma duk mai jin Hausa ya san tazarar da ke tsakanin baƙi ƙirin da baƙi-baƙi ba tare da an koya masa ba.

Matsalar tana wajen nauyin da al'ada ta ɗora wa launukan. Baƙin ciki da baƙin labari da baƙar aniya sun sa baƙi ya zama launin sharri, farin ciki da farin jini kuma suka sa fari ya zama na alheri. A hoton amsa-kuwwa, baƙi ƙirin mai tsararren gefe alama ce ta ruwa tsantsa, wato jakar ruwa, wadda ba sankara ba ce. Yawancin sankara baƙi-baƙi take fitowa, haka ma yawancin ƙari marasa haɗari. Wato wanda ya fi baƙi shi ne ya fi zama labari mai daɗi. Saboda haka ya kyautu kalmomin launi su tsaya tsakanin ma'aikata da ɗalibai, a rubuce kuma a yi amfani da maras amsa-kuwwa, mai ƙarancin amsa-kuwwa, mai yawan amsa-kuwwa. Ga majinyaciya, abin da ya dace a faɗa shi ne ma'anar: ruwa ne a ciki, ko tsoka ce.

4.3 Abin da Ke Ƙarƙashin Ƙari

Rahoto yana bayyana yadda sauti ya kasance bayan ya ratsa ƙarin. Kalmar asalin tana nufin "na baya", amma fassara ta da baya za ta kai hankali ga gadon baya, alhali ana nufin wurin da ya fi zurfi, wanda yake ƙasa a hoton. Ƙarƙashi ita ce daidai. Ruwa ba ya rage ƙarfin sauti sosai, don haka ƙarƙashin jakar ruwa yakan yi haske. Ƙari mai tauri yana shanye sautin, ƙarƙashinsa ya yi duhu. Likitoci suna kiran wannan duhu da kalmar da fassararta ta kai tsaye ita ce inuwa. A Hausa inuwa wurin hutu ce da kariya, har akan ce wane yana ƙarƙashin inuwar wane. Duhun ƙarƙashi ya fi dacewa da alamar da take cikin abubuwan tuhuma.

Haɗuwar siffofin ce take ba da hukunci. Mai siffar ƙwai, a kwance, mai tsararren gefe da ƙarancin amsa-kuwwa a nonon budurwa, galibi ƙarin nan ne maras haɗari da ya yawaita ga matasa. Maras tsari, a tsaye, mai tsika da duhun ƙarƙashi, abin tuhuma ne ƙwarai. Duk da haka, akwai nau'in sankara mai saurin girma, wanda bincike ya nuna ya fi yawa ga matan Afirka ta Yamma fiye da Turawa, da yakan fito kewayayye, gefensa kusan a tsare, har da hasken ƙarƙashi. Wannan ne ya sa ba a ɗaukar siffa guda a yanke hukunci da ita. Ana ƙarawa da dabarar Dofla, mai sunan Christian Doppler wanda ya bayyana ƙa'idarta a 1842, domin ganin gudanar jini a cikin ƙarin. Ja da shuɗin da ake gani a allon suna nuna inda jinin ya dosa ne kawai, zuwa wajen kan na'ura ko nesa da shi.

5.0 Matakan Hukunci

Kowane rahoto yana ƙarewa da lamba daga 0 zuwa 6, kuma kowace lamba tana tafe da aikin da za a yi:

0: bincike bai kammala ba, ana bukatar wani hoton;
1: ba a ga wani abu ba;
2: an ga abu, amma tabbas ba sankara ba ne;
3: zato mafi rinjaye ba sankara ba ne, yiwuwarta ba ta wuce kashi 2 cikin 100 ba, a dawo bayan wata 6;
4: abin tuhuma, yiwuwar ta haura kashi 2 amma ba ta kai kashi 95 ba, a ɗebi tsoka a gwada;
5: zato mafi rinjaye sankara ce, kashi 95 ko fiye, a ɗebi tsoka a gwada;
6: gwajin tsoka ya riga ya tabbatar da sankara.

Mataki na 4 ya kasu uku: 4A har zuwa kashi 10, 4B har zuwa kashi 50, 4C sama da haka. Ke nan a cikin mata goma masu 4A, tara ko fiye ba su da cutar, amma dukkansu suna bukatar gwajin.

Kurakurai uku ne suka fi barazana a nan. Na farko shi ne a karanta 0 a matsayin "babu komai", alhali yana nufin ba a gama ba. Na biyu shi ne a rikita waɗannan lambobi da matakan girman cutar, waɗanda su ma ake ƙirga su daga ɗaya zuwa huɗu, har mai BI-RADS 4 ta ɗauka an ce cutarta ta kai matakin ƙarshe. Saboda haka ya kamata a raba sunayen: matakin zato ga lambar hoto, matakin cuta ga na biyun. Na uku shi ne a fassara mataki na 3 da "ba komai", wanda yake shafe wa'adin wata 6, ko da "wataƙila", wadda ta fi kashi 2 nauyi nesa ba kusa ba.

Hausa ba ta rasa tsanin auna tabbas ba. Ta hanyar karatun fiƙihu ta karɓi yaƙini da zato da shakka ko kokwanto da wahami, kuma wanda ya yi karatun zaure ya san bambancin mai yaƙinin alwalarsa da mai kokwanto a kanta, ya kuma san cewa kowane hali yana da hukuncin da ke bin sa. Wannan shi ne ainihin tsarin BI-RADS: kowane matsayi na sani yana da aikinsa. Mataki na 2 da na 6 yaƙini ne, na 3 da na 5 zato ne mai rinjaye ta fuskoki biyu, na 4 kuma fagen kokwanto ne wanda ba a zama a cikinsa sai an kawar da shi. Haka kuma mataki na 1 ba ya soke abin da hannu ya ji. Idan kullutu yana nan, ana komawa wurin likita ko da hoto bai nuna shi ba.

6.0 Daji da Ƙarfe

Hoto ba ya tabbatar da sankara. Abin da yake tabbatar da ita shi ne bayofsi, wato a kashe zafin wurin, a sa allura ta musamman ana kallon ta a allon na'ura har ta shiga ƙarin, a ɗebo ɗan siririn tsoka a kai ɗakin gwaji. A nan ne kalma take iya raba mace da asibiti. Ciwon daji, a fahimtar gargajiya, yana da alaƙa da iskoki, kuma sananniyar magana ce cewa daji ba ya son ƙarfe, wato allura ko wuƙa tana tunzura shi. Da zarar mai fassara ya ce "ana zaton daji ne", ya riga ya ba da dalilin ƙin gwajin da zai warware zaton. Likitoci kuwa sun tabbatar cewa jinkiri ne yake ba cutar damar yaɗuwa, kuma ɗibar tsoka da allura hanya ce amintacciya da ake bi a ko'ina a duniya.

Sankara da kansa ba su ɗauke da wannan nauyi kamar daji, don haka sun fi dacewa da bayanin rahoto. Haka nan "mugun ƙari" yana iya karkata hankali ga sammu, "maras illa" kuma alkawari ne da ya wuce abin da likita ya faɗa, tunda ƙarin da ba sankara ba ma yana iya girma har a cire shi. Ƙarin sankara da ƙarin da ba sankara ba sun fi tsayawa a kan gaskiya. Bayofsi kuma a kira shi ɗibar tsoka don gwaji, a bambanta shi da sakiya, wadda wanzami yake yi domin fitar da mugunya. Bambancin yana da amfani musamman ga masu shayarwa. Ƙurjin nono mai mugunya yana fitowa a hoto, ana kuma iya zuƙe shi da allura, amma akwai nau'in sankara da ke zuwa da kumburi da ja da zafi kamarsa. Kumburin da bai sauka ba bayan an sha magani yana bukatar a sake duba shi.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi hoton amsa-kuwwa na nono daga yadda na'urar take aiki zuwa lambar da ke ƙarshen rahoto. An ga cewa Hausa tana da kayan aikin da ake bukata a cikin amsa-kama da ninki da sigar nuna hali da kalmomin fiƙihu, an kuma ga inda kalmomi irin su baƙi da inuwa da daji suke ɗauke da ma'anar da ta saɓa wa ta likita. Kalmomin da aka kawo shawarwari ne, kuma ba za su zauna ba sai an gwada su. Jami'ar Bayero tana da masana Hausa, tana da sashen koyar da ɗaukar hoton asibiti, tana kuma da asibitin koyarwa, don haka zaman tantance su bai fi ƙarfinta ba. Gwajin da ya fi muhimmanci shi ne a karanta wa matan Unguwar Tudu da Getso da Garo bayanin kowane mataki da Hausa, sannan a tambaye su abin da za su yi gobe. Kalmar da ta sa mai mataki na 3 ta ce za ta dawo bayan wata 6, mai mataki na 4 kuma ta ce za ta je a ɗebi tsoka, ita ce ta cancanci shiga ƙamus.